Hoton Baba Marar Tsaga

Talata, bayan la'asar

Wata baƙuwar lamba ta kira salular Baba yau, ni na ɗauka don yana alwala. Muryar namiji ce, a natse, ba doguwar gaisuwa. Ya tambaya ko nan ne gidan Alhaji Ɗanlami mai fitar da albasa waje. Na ce Baba dai bai je Makka ba tukuna, amma albasa akwai, buhu nawa ake so? Ina jin numfashinsa, da kukan awaki a bayansa. Can ya ce, "Farar motar nan, a gida take kwana?" Ya kashe.

Ba mu da mota. Jaki gare mu da amalanke, sai tsohon babur ɗin Yaya Mahdi da ba ya tashi sai an tura shi. Farar motar a cikin hoto take, kuma ni na sa ta.

Ban gaya wa kowa ba. Na ɗauko tsohon kayena na lekol, littafin rubutun makaranta, ina rubutu, don in maganar nan ba ta fita ta hannuna ba, za ta kuɓuce ta bakina a gaban Inna.

Ga yadda abin ya faro. Bana albasarmu ta yi kyau, rudun da muke ajiye ta a bakin garka ya cika har baki. Baba ya gaji da dillalai, mu muke shan rana su suke yanka farashi. Na ce masa ai masu sayen suna cikin Wasaf, akwai gurup na 'yan kasuwar Abijan da Kumasi, mi zai hana mu yi magana da su kai tsaye? Na shigar da lambarsa. Munka yi ta aika saƙo ba mai amsawa. Hafsa ƙawata ta ce wa zai amsa wa lambar da hoton buhu ne fuskarta? Mutane so suke su ga mutum, kuma su ga mai kama da wanda ya ci ya ƙoshi.

Ni kuwa ga rawar kai. Ban iya zane ba, takardar birbe ta gama kwaleji ma ban samu ba, amma salula dai ba a koya mini ita. Na kalli bidiyon masu koyarwa. Sun ce a goge idon kamara, a tsaya inda hasken safe ke bugun fuska ba ƙeya ba, a riƙe salula daidai ido, baya kuma ya zama fili ba tarkace. Na rataya farin zanen gadon Inna a bangon zaure, na zaunar da Baba a kan buhu kusa da ƙofa. Yana ta mita wai rana na yi masa. Na ce ya ɗan karkata kafaɗa, ya ɗaga haɓa, ya daina murtukewa kamar mai zaman makoki. Ya fashe da dariya, na ɗauka a daidai nan.

Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma aplikasiyon da na sauke tana da maɓallai, kowane ka taɓa sai abin ya ƙara kyau. Ta cire zanen gadon ta sa buro, ofis mai gilashi, da farar mota a bayan taga. Ta cire rigarsa ta sa masa kostim, kwat irin ta Nasara, da karabat a wuya. Akwai na gyaran fuska, na ja shi har ƙarshe. Furfurar gemunsa ta tafi, tamojin goshinsa ya tafi, tsagar gidanmu da wanzami ya yi masa tun ranar suna ita ma ta tafi, kumatu sumul. A ƙasa na rubuta Exportateur, wato mai fitar da kaya waje, da lambarsa, da sunan garinmu. Har da sunan garinmu, ni Zinariya.

Laraba, da hantsi

Ina ta tuna ranar da na nuna musu hoton. Baba ya riƙe salular nesa da shi ya ce wannan ministan mi ne? Amma na ga ya ji daɗi. Kuma abin ya yi aiki, a cikin satin da na sa shi wani ɗan kasuwar Abijan ya amsa, ya ce zai turo kamiyo, babbar motar kaya, ya kwashe rudun gaba ɗaya. Ranar har tsire Baba ya sayo mini.

Goggo, yayar Baba, idonta ya yi rauni. Ta kai salular har kan hancinta ta ce, "Masha Allahu, Mahdi ya samu aikin gwamnati?" Munka yi dariya har da hawaye. Da anka ce mata ƙanenta ne sai ta ɓata rai ta ce, "Wanga ba Ɗanlami na ba. Ina askatai?" Daga nan ta ɗauko tsohuwar mitarta, wai tun da Baba ya ji wa'azi ya hana wanzami taɓa fuskokinmu muke yawo kamar ɗiyan da ba su da dangi, yanzu kuma shi ma an shafe tasa.

Yaya Mahdi ya daɗe yana kallon hoton, ya miƙo mini. Shi dama ba ya shiri da hoto, kana ɗaga salula zai kare fuska da tafin hannu. Inna kuwa kallo ɗaya ta yi ta kau da kai, ta tashi ta shige madafa. Na ɗauka kunyar ganin mijinta da karabat ce.

Alhamis, bayan azahar

Ba a kira ba. Na yi ta duba salular har batir ya mutu.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Baba ya dawo yana murmushi, wai a ƙofar masallaci kowa "patiro" yake ce masa, wato maigida mai kuɗi. Mai shayi ya tambaye shi yaushe za a kawo motar gida a sa mata albarka. Wani ɗan garinmu da ke ci-rani a Libiya ya turo saƙon murya yana neman aiki a kamfanin Baba. Kamfani! 'Yan gari sun san Baba, sun san jakinmu, sun san wasa ne. Waɗanda ba su san mu ba fa? Hoton ya daɗe da fita daga gurup ɗin 'yan albasa, har a salular wata 'yar Bouza Hafsa ta gan shi.

Ita Hafsar ce ta ja ni bayan rumbu ta ce mijinta ya ga baƙi biyu a bakin tasha jiya. Sun sayi mai a kwalba, sunka tambayi samarin fada hanyar garkar Ɗanlami. Ba su tambayi farashin albasa ba. Na ce mata ƙila dillalai ne. Ta ce ƙila.

Ban so in rubuta sunan Sha'aibu mai butik ba, amma shi nake ta tunawa. Bara ya yi wa shagon nasa fenti, ya sa firiji mai aiki da sola. Ba a daɗe ba mutanen nan sunka zo a babura. Sai da gidansu sunka sayar da gona da shanun huɗa kafin a sako shi, kuma tun da ya dawo daga dajin bai ƙara zama inda ƙofa ke bayansa ba. Shi firijinsa ma na gaske ne. Mu mi za mu sayar, motar cikin hoto?

Asabar, da hantsi

Na cire hoton daga lambar Baba. Na sa na ainihin, mai zanen gado da tsohuwar riga da tsagarsa raɗau, na tura shi duk gurup ɗin da na sani, na rubuta cewa wancan wasa ne aka yi a salula. Mutum ɗaya ya aiko fuskar dariya. Ba wanda ya tura shi gaba. Wa zai tura hoton tsoho a kan buhu?

Na faɗa wa Yaya Mahdi maganar kiran. Yana gyaran babur, bai ɗago ba. Ya tambaye ni ranar da anka kira da abin da mutumin ya ce, daidai yadda ya faɗa. Na maimaita masa. Ya ce to. Wallahi na so ya zage ni, ko ya ɗauki tiyon nan ya zabga mini. Sai kawai ya ce in miƙo masa kile zai ɗaure noti.

Lahadi, bayan magariba

An sake kira, wata lambar dabam. Yaya ya karɓe salular daga hannuna kafin in buɗe baki, ya ce shi ne, mi ake so. Ya yi wa mutumin bayani a natse cewa babu mota, babu buro, ƙanwarsa ce ta haɗa abin a salula. Ina tsaye kusa, na ji mutumin ya yi dariya ya ce, "Kowa haka yake cewa."

Ban ci tuwo ba. Inna ta lura, ba ta tambaye ni ba.

Litinin, bayan la'asar

Baba ya sani yanzu. Yaya ya faɗa masa a zaure, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Zinariya, hoton nan ba a iya kiransa ya komo gida?" Na ce ba a iyawa. Ya gyaɗa kai kamar na faɗa masa farashin taki.

Sun je wurin mai gari. Ya ce zai sanar da jandarma a Madaoua, amma shawararsa Baba ya ɗan ja jiki har maganar ta lafa. Anka tsayar zai tafi Ibohamane ta wajen Keita, gidan Kawu Alƙasim, wan Inna. Baba ya tirje. Ya ce rudu cike yake, ga zafi ya shigo, in ba a juya albasar ana tsince ruɓaɓɓu ba kafin kamiyo ya zo sai dai a zuba wa jakai, kuma ita ce abincin shekararmu. Yaya ya ce shi zai tsaya, ai ba shi ake nema ba.

Inna tana bayan ƙofa tana tsince wake. Ba ta saba sa baki a maganar maza ba, amma sai ta ce, "In tahiya za a yi, a yi ta mutum biyu." Baba ya ce shi ba yaro ba ne da za a raka, ya san hanyar Keita tun ba a haife mu ba.

Haka Inna take da duk abin da ya shafi Yaya. Shi ne ɗan farinta, don haka tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. Ba ta miƙa masa abinci hannu da hannu, ba ta duban fuskarsa, in ya shigo ɗaki ita sai ta tuna tana da aiki a waje. Da ina ƙarama na ɗauka ba ta sonsa, sai da na lura a kwanonsa nama yake ɓuya.

Talata, rana ta ɗan ɗaga

Baba ya tafi a motar kasuwa ta hanyar Bouza. Ya bar wa Yaya salularsa saboda mutumin Abijan lambar ya sani. Har motar ta sha kwana yana leƙowa yana cewa a kula da ɓangaren gabas na rudun, nan rana ke bugu.

Na ji sanyi a raina. Allah Ya yafe mini, har waƙa na yi ina wanke-wanke.

Laraba, bayan azahar

Shiru. Ko karen maƙwabta ya yi haushi sai in leƙa ƙofa.

Alhamis, da hantsi



Da safe Yaya ya dawo daga wurin aski, ya yi wanka ya sa farar riga. Ya tsaya a ƙofar zaure yana neman takalminsa, daidai inda na zaunar da Baba, hasken safe yana bugun fuskarsa. Na fito da tsintsiya na ɗaga kai, sai na ga hoton tsaye a gabana. Goshin nan, hancin nan, yadda leɓen ke karkacewa in za a yi dariya. Na cire wa Baba furfura, na cire masa tamoji, na cire masa tsaga. Abin da ya rage Yaya Mahdi ne. Wanda ke yawo da hoton nan a salula yana neman mai shi, ko ya yi karo da Baba a hanya ba zai waiga ba.

Goggo ta faɗa tun ranar farko, munka yi mata dariya.

Alhamis, bayan la'asar

Na bi shi garka. Yana cikin rudu yana fitar da ruɓaɓɓu, warin ya cika wurin. Na faɗa masa ina kuka, maganar ma ba ta fita daidai. Ya goge hannu a wando ya ce, "Sai yau kika gani? Goggo da ba ta gani ta riga ki."

Na ce to ya tashi yanzu ya bi Baba. Ya ce in ya tafi wa zai juya albasa, ni? Kuma in mutanen nan sunka zo ba su tarar da mai fuskar ba, ba komawa za su yi ba, gida za su shigo su tambayi matan da ke ciki. Ya ce kamiyo na hanya, ana lodi zai hau babur ya tafi, ko wanka ba zai tsaya yi ba. Sannan ya kama kunnena kamar yadda yake yi mini da muna yara ya ce, "Kada Baba ya ji. In ya ji zai komo."

Na rantse masa. Ban san ko daidai na yi ba.

Juma'a, da hantsi

Na kasa riƙewa, na faɗa wa Inna. Tana tankaɗe, ba ta dakata ba. Ta ce ta sani. Na ce tun yaushe? Ta ce tun ranar da na nuna. Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba, na ce to mi ya hana ta faɗa tun Baba yana nan?

Ta ajiye rariyar ta ce, "In ce mi? In buɗe baki gaban babanku da yayarsa in ce na san huskar wa ce? Na ce a tahi mutum biyu." Ta ɗauki rariyar ta ci gaba, garin yana zuba a ƙasa ba a cikin ƙwarya ba.

An jima ta fito da wani tsohon rawanin Baba, wankakke, ta miƙo mini ta ce in kai wa wancan, a ce masa rana ta yi yawa, ya riƙa rufe fuska. Na kai masa. Ya juya shi a hannu ya tambaya wa ya aiko. Na ce ya sani. Ya naɗa shi har kan hanci, ya ce yanzu ya zama Buzu sai raƙumi.

Goggo kuwa da ta ji cewa ta yi a kira wanzami yau ɗin nan a yi masa tsagar, ai ba a makara ba. Yaya ya yi dariya har ya zauna, ya ce ƙato da ɗanyen ciwo a kumatu ai shi za a fara kallo a duk garin.

Asabar, bayan azahar

Na goge komai. Hoton, da na ainihin, da aplikasiyon kanta. Na goge na salular Baba. Na bi gidajen ƙawayena ɗaya bayan ɗaya ina roƙonsu su goge a gabana, wasu suna kallona kamar na taɓu. Hafsa ta ce ta riga ta goge nata. Na san ba zai hana komai ba, amma zama ya gagare ni.

Lahadi, bayan la'asar

Baba ya kira da salular Kawu. Ya tambayi Inna, ya tambayi jaki, ya tambayi ɓangaren gabas na rudu. Na ce duk lafiya lau. Ya ce muryata ta yi wani iri, na ce mura ce. Mura a cikin wannan zafin.

Litinin, da hantsi

Kamiyo bai zo ba. Wai ya lalace bayan Konni.

Talata, bayan magariba

Bai zo ba. An ce gobe ko jibi. Yaya ya dawo da rawanin a kafaɗa, na ce ya mai da shi, ya ce a cikin rudu mutum ba ya iya numfashi da shi. Ya ci tuwo da yawa yau, har ya nemi ƙari. Inna ta zuba ta ba ni na kai masa.

Duk ƙarar babur da na ji sai na tsaya har ta wuce.

Laraba, bayan azahar

Sun zo.

Alhamis, ban san lokaci ba

Hafsa ce ta gani. Tana tare da mata a gefen garka suna dakan lawashi za su yi gabu. Rana ta take, maza duk sun koma inuwa cikin gari. Ta ce babura sunka ɓullo ta cikin kwari ba ta hanya ba, fuskokinsu a rufe. Matan sunka kwanta a ƙasa. Yaya yana cikin rudu, rawanin yana rataye a jikin dirka. Da ya ji ƙara ya fito da kansa.

Ta ce ɗayansu ya ciro salula ya kara ta kusa da kumatun Yaya. Ya dubi salular, ya dubi Yaya, ya sake duban salular. Ya ce masa, "Kai ne Ɗanlami?"

Yaya ya ce, "Ni ne."

Ya nuna matan ya ce 'yan ƙodago ne, ba ruwansu. Ya hau babur tsakiyar biyu daga cikin mutanen ba tare da an ja shi ba. Takalminsa ɗaya ya faɗi, Hafsa ta kawo shi tare da rawanin. Inna ta karɓa ta ninke rawanin ta sa ƙarƙashin matashinta. Mata sun cika gidan suna kuka, ita tana ba su tabarma, don ba a ganin hawayen uwa a kan ɗan fari.

Kamiyo ya iso yau da safe. Direban yana ta oda a bakin garka yana tambayar ina patiro.

Juma'a, bayan la'asar

Baba ya dawo. Na shirya wa duk abin da zai ce mini, na ma so ya faɗa. Bai ce ba. Ya zauna a zaure yana shafa tsagar kumatunsa da yatsa, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Can ya ce da ya bari wanzami ya yi aikinsa ranar suna. Goggo tana zaune kusa da shi. Shekara da shekaru take jiran ta ji wannan maganar daga bakinsa, yau da ta ji sai ta ce ya yi shiru, ba haka ba ne.

Sun kira a salular Hafsa, don ta Baba tana aljihun Yaya sun tafi da ita, kuma lambar Hafsa ya haddace tun tana kai masa saƙona. Sun faɗi abin da suke so. Ba zan rubuta shi ba. An loda albasar duka, an fara zagaya garkar da masu saye, kuma ko kusa da kuɗin ba a yi ba. Har yanzu motar suke tambaya.

Asabar, bayan azahar

Mun je Madaoua wurin jandarma, ni da Baba da mai gari. Wanda ya karɓe mu mutum ne mai haƙuri, ya ba Baba kujera. Ya ce a ba shi hoton wanda anka ɗauka don a raba wa masu sintiri. Katin shaidar Yaya yana aljihunsa, sun tafi tare. Na buɗe salulata ina ta ja. Ga tafin hannunsa ya rufe kamara. Ga ƙeyarsa a kan amalanke. Ga ƙafarsa a jikin babur. Ga tafin hannun kuma. Duk shekarun da na yi da salula ban da fuskar yayana ko ɗaya.

Na fita waje na kira Hafsa. Ta ce in yafe mata, ba ta goge ba, ya yi mata kyau ne ta ɓoye shi. Na ce ta turo. Sati guda ina bin gidaje ina roƙon a kashe hoton nan, yau ina tsaye a rana ina ɗaga salula sama ina addu'ar rezo, sabis ɗin waya, ya kawo shi.

Jandarman ya dubi kostim ɗin da motar, ya dubi rigar Baba. Ya tambaya wannan ne yaron? Baba ya daɗe yana kallo kafin ya ce a raba shi haka nan, duk wanda ya ga Mahdi zai gane shi.

Lahadi, da hantsi

Ba su kira ba.

Litinin, bayan la'asar

Baƙi sun ragu. Ina shara Inna ta kira ni ɗakinta ta ce in saki labule. Tana zaune a bakin gado, a kan farin zanen nan da na rataya a zaure. Ta ce, "Nuna mini."

Ban tambaye ta mi ba. Na buɗe na miƙa mata. Ta riƙe salular da hannu biyu kamar ƙwaryar da ta cika. In hasken ya mutu sai ta miƙo in taɓa, ta sake karɓa. Tun da anka haife ni ban taɓa ganin ta dubi fuskar nan kai tsaye ba. Ta sa babban yatsa tana shafa kumatun, inda na goge.

Ta tambaye ni ko ana iya cire wannan rigar ta Nasara a sa masa irin tasa, a cire motar kuma. Na ce ana iyawa, sai dai in sake sauke abin da na goge. Ta ce in sauke. Ta ce fuskar kada in taɓa ta.

Na tashi zan fita neman rezo, ita ba ta saki salular ba. Ta matso da ita kusa da bakinta, a hankali kamar mai tashin wanda ya makara da barci, ta ce, "Mahdi."

Ta sake faɗa. Na tsaya riƙe da labule har batir ya mutu a hannunta.